Mu Sayar Da Gida Mu Kai Shi Indiya?

Assalamu alaikum Anti Likita. Ni matar aure ce a Unguwar Rogo a nan Jos, 'ya'yanmu biyar. Maigidana tela ne, shekararsa 51, shagonsa na wajen Taminus. Wata goma sha huɗu ke nan da hannunsa na dama ya fara ƙin riƙe almakashi. Naman da ke tsakanin babban yatsa da manuni ya zube, kafaɗarsa tana ɓari ita kaɗai kamar wani abu na tafiya a ƙarƙashin fata. Yanzu hannun hagu ma ya bi, yana jan ƙafa, maganarsa ta yi nauyi, wani lokaci in ya sha ruwa sai ya ƙware. Mun yi na Hausa, mun yi ruƙiyya, daga baya wani likita ya duba shi ya ce MND ce, wato cutar jijiyoyin motsi, wai ba ta da magani.

Yayansa, Alhaji Babba, ya samo wani mutum a Abuja mai kai marasa lafiya Indiya. Ya turo mana bidiyo ta WhatsApp na wani da ya tashi daga keken marasa lafiya. Ya ce za a ɗebi ɓargon maigida a yi masa dashen sitem sel, a gyara garkuwar jikinsa, sati uku ya dawo da ƙafarsa. Dala 22,000 ban da jirgi da masauki, kuma a ba da rabi kafin ƙarshen wata. Ba mu da abin da ya kai haka sai gidan da muke ciki. Na ce a dakata a bincika, sai aka ce na fifita gida a kan mijina. Hajiyarsu ta daina amsa gaisuwata. Shi kuwa in ana maganar sai ya sunkuyar da kai ya yi shiru. Anti, in na hana ya rasu, da wane ido zan kalli 'ya'yana? In kuma na yarda muka rasa gidan, ina za mu nufa?

Maman Sadiya, Jos

Wa alaikumus salam, Maman Sadiya. Sannu da jinya, sannu da ɗawainiya. Allah ya ba Baban Sadiya sauƙi, ya sa kaffara ne, ke kuma ya saka miki da alheri.

Tunda an yanka muku wa'adin ƙarshen wata, ba zan yi miki kwana-kwana ba. Kada a sayar da gidan nan saboda wannan tafiya. Har yau babu ƙasar da aka tabbatar a cikinta cewa dashen ƙwayoyin asali, wato abin da mutumin yake kira sitem sel, yana warkar da wannan cuta ko yana tsayar da ita. Wanda ya ce muku cikin sati uku maigida zai dawo da ƙafarsa, ko dai bai san cutar ba, ko ya sani ya ɓoye. Da kika ce a dakata a bincika, abin da mai ƙaunar mutum yake yi kika yi.

Sai dai ina roƙonki kada ki riƙe Hajiya da Alhaji Babba a zuci. Uwa ce take kallon ɗanta yana narkewa a gabanta, babban wa ne yake kallon ƙaninsa. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. An ce musu babu magani, sai ga wani ya zo da bidiyo a hannu ya ce akwai. Ba za a shawo kansu da gardama ba, sai an fahimtar da su abin da ke cikin jikin, kuma an nuna musu wani aikin da za su yi wa ɗan'uwansu maimakon wannan. Don haka zan tsawaita bayani, ki samu abin faɗa musu.

Duk motsin da mutum yake yi, ɗaga hannu, taka ƙafa, haɗiya, furta magana, har jan numfashi, umarni ne da ke tasowa daga ƙwaƙwalwa, ya gangaro ta laka, ya bi wasu jijiyoyi na musamman zuwa tsoka. A wannan cuta waɗannan jijiyoyin motsi ne suke mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Tsokar da saƙo ya daina iso mata sai ta yi ta ɓari, daga baya ta zube, shi ne abin da kika gani a hannunsa da kafaɗarsa. Wani likitan Faransa, Jean-Martin Charcot, ya siffanta ta tun 1869, kuma nau'inta da ya fi yawa shi ake kira ALS. Ba a ɗaukarta daga mutum zuwa mutum, don haka ku ci a kwano ɗaya, yara su zauna a jikinsa. Ana samunta a kowace ƙasa, cikin kowane jinsi. Yawanci ba ta taɓa gani, ko ji, ko jin taɓawa a fata, kuma galibin masu ita hankalinsu na nan daram ko da baki ya gaza. Mafi yawa suna rayuwa shekara biyu zuwa biyar daga fara alamu, kusan ɗaya cikin goma yana haura shekara goma. Masanin kimiyyar nan na Ingila, Stephen Hawking, an gano masa ita a 1963, bai rasu ba sai 2018, amma irinsa ɗaiɗai ne. Rai na hannun Allah, ba wanda zai ƙirga wa Baban Sadiya kwanakinsa. Na faɗa miki ne don ki san da me kuke fama.

Kafin komai, wani abu ya tsaya mini a wasiƙarki. Kin ce likita ya duba shi ya ce MND ce, ba ki ambaci gwaji ba. Babu gwajin jini guda da ke nuna wannan cuta. Ana gane ta ne da dubawar likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, da gwajin EMG wanda ake soka siririyar allura a tsoka a karanta wutar da ke cikinta, sannan a kore cututtukan da ke kama da ita. Wasu daga cikinsu kuwa suna da magani. Ƙashin wuya kan danne laka ya kashe hannu ya sandarar da ƙafa, hoton MRI yana nuna shi, tiyata tana taimakawa. Tarin fuka kan ci ƙashin baya. Akwai wata cutar da garkuwar jiki ke far wa jijiyoyin hannu, ta zubar da nama kamar wannan, ita kuma tana jin wani ƙarin ruwa na musamman. Cutar HIV ma kan zo da irin wannan kama, haka matsalar maƙoƙo. Ba na so in ɗora miki fata mai yawa, domin yadda abin ya bi hannu ya bi ƙafa ya hau harshe ya yi kama da abin da likitan ya faɗa. Amma in ba a yi waɗannan gwaje-gwaje ba, nan ne kuɗin farko ya kamata ya tafi. Ku nemi a tura ku asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, wajen likitan jijiyoyi. Abin da ba a yi a nan, shi zai faɗa muku inda ake yi, ko Abuja ne ko Kano.

To, sitem sel. Abin da ya sa maganar ke shiga kunne shi ne akwai gaskiya a gindinta. A cikin ɓargon kowa akwai ƙwayoyin da ke haifar da sabon jini, kuma dashensu magani ne tabbatacce ga sankarar jini da sikila. A Najeriya ma an fara yi wa mai sikila tun 2011 a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin. Sai dai jini abu ne da jiki ke sabuntawa kullum, in ka sauya irin sai sabon amfani ya fito. Jijiyar motsi kuwa tun mutum yana ciki aka shimfiɗa ta. Ƙwaya ɗaya takan tashi daga laka ta miƙa zarenta har tafin ƙafa, tsawon da ya kai mita guda, ta je ta sami tsokarta ita kaɗai. Ko jijiyar da aka yanke a haɗari, in tana tohowa, kusan milimita ɗaya take yi a rana. Babu wanda ya taɓa zuba ƙwayoyi a bayan mutum suka zama sababbin jijiyoyi, suka nemi hanya suka je suka tayar da hannun da ya mutu. Masu binciken kansu ba wannan suke nema ba. Fatansu shi ne ƙwayoyin su fitar da wasu sinadarai masu ciyar da jijiyoyin da suka rage, kamar a sa wa ragowar shuka taki, ko za ta ƙara jimawa.

An kuwa gwada, da gaske, da maƙudan kuɗi. Gwajin da ya fi shahara shi ne na NurOwn a Amurka, kuma daidai abin da aka kwatanta muku ne: a ɗebi ɓargon majinyaci, a raini ƙwayoyin, a mayar da su cikin ruwan laka ta allurar baya. Mutum kusan 190 aka raba biyu, rabi aka yi musu na gaske, rabi aka yi musu allurar da ba komai a cikinta, ba majinyaci ba likita ba wanda ya san wa ya samu wanne. Sakamako ya fito a ƙarshen 2020. Kusan ɗaya cikin uku na waɗanda aka yi wa dashen cutarsu ta rage gudu, amma cikin waɗanda ba a ba komai ba ma sama da ɗaya cikin huɗu ta rage gudu. Tazarar ba ta kai a ce maganin ne ya yi aiki ba. A Satumba 2023 kwamitin masanan da ke ba hukumar magunguna ta Amurka shawara ya zauna a kai, mutum 17 suka ce ba a nuna yana aiki ba, mutum ɗaya ya ce an nuna. A Koriya ta Kudu an ba wani makamancinsa izini na wucin gadi tun 2014 bisa sharaɗin a yi babban gwaji, da sakamakon ya fito a ƙarshen 2024 shi ma bai cimma abin da aka sa masa ba.

Ki lura da waɗancan da ba a ba komai ba amma aka ga sauƙi a jikinsu, domin a nan sirrin bidiyon yake. Cutar ba ta tafiya da gudu ɗaya. Takan lafa wata biyu ko uku kamar ta tsaya, sannan ta ci gaba. Mutumin da ya yi tafiya mai nisa cike da fata, aka yi masa gashi safe da yamma, aka ciyar da shi da kyau, zai iya miƙewa ya yi taku biyar a gaban kyamara. Ba a nuna muku shi bayan wata shida ba, ba ku kuma san ko cutarsu ɗaya da maigida ba.

Maganar gyara garkuwar jiki ita ma tana da tushe. An gano cewa a kewayen jijiyoyin da ke mutuwa akwai kumburi, sojojin jiki sun harzuƙa suna ƙara ɓarna, kuma wasu ƙwayoyin jini da aikinsu shi ne tsawatar musu, kamar dattawan unguwa a kan matasa, sun yi rauni a masu cutar da ke saurin tafiya. Saboda haka shekara da shekaru ana gwada magungunan danne garkuwa masu ƙarfi, har da haska wa majinyata wuta irin ta masu sankara, ba wanda ya tsayar da cutar. Wani maganin ƙwayoyin cuta mai rage kumburi ya yi kyau a jikin ɓeraye, da aka gwada shi a mutum 412 aka buga sakamako a 2007, sai ga shi waɗanda suka sha sun fi saurin lalacewa. Abin da ya fi ba ni fata a wannan fanni shi ne wani gwaji na Faransa da Birtaniya a kan mutum 220, wanda aka buga a 2025, inda aka yi amfani da ɗan ƙaramin awo na wani sinadari mai ƙarfafa waɗancan dattawan ƙwayoyi. In aka haɗa kowa da kowa bambancin bai tabbata ba, amma an ga alamar amfani a waɗanda cutarsu ba ta da zafi sosai. Ana bukatar wani gwajin kafin a ce magani ne. Nan ilimi ya tsaya a yau, kuma masu wannan aiki suna faɗin haka da bakinsu. Har akwai maganin da aka ba izini a Amurka a 2022, Relyvrio, da babban gwaji ya nuna ba ya aiki kamfanin ya janye shi daga kasuwa a 2024.

Kada kuma a ce ai in bai yi amfani ba ba zai cutar ba. Allura ce a cikin ruwan da ke zagaye da laka da ƙwaƙwalwa, in ƙazanta ta shiga sanƙarau ne. A 2016 wata babbar mujallar likitoci ta Amurka ta kawo labarin wani mai shanyewar ɓarin jiki da ya je Sin da Ajantina da Meziko aka yi masa irin wannan allura, daga baya wani tsiro ya fito masa a laka daga ƙwayoyin da ba nasa ba, ya ƙara nakasa shi. Ga tafiyar kanta: mota daga Jos zuwa Abuja, jirgi biyu, kwana a hanya, ga iskar cikin jirgi ba ta kai ta ƙasa ƙarfi ba, ga mutumin da ya fara ƙwarewa da ruwa kuma ba a auna numfashinsa ba. Indiya tana da ƙwararrun likitoci da asibitocin kirki, mutanenmu da yawa sun je sun samu lafiya. Amma ƙa'idojin da hukumar binciken lafiya ta ƙasar ta fitar a 2017 sun ce in ban da dashen ɓargo na cututtukan da aka san yana yi wa aiki, duk wani amfani da waɗannan ƙwayoyi gwaji ne, ba a yarda a sayar da shi a matsayin magani ba. Shi kuwa gwaji na gaskiya ba a karɓar kuɗin majinyaci a kansa, ba a yi masa alkawarin warkewa, ba a kuma ce masa ya biya rabi kafin ƙarshen wata.

Na taɓa jinyar wani bawan Allah da aka sayar da gonarsa da motarsa aka kai shi waje don irin wannan. Ya dawo da murna, ya ce yana jin ƙarfi a hannu. Kafin wata huɗu ya koma ƙasa da inda yake. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne lokacin da numfashinsa ya fara gazawa, na rubuta musu na'urar da za ta sauƙaƙa masa, matarsa ta dube ni ta ce, likita, ba sauran abin sayarwa. Ba tsuntsu ba tarko. Ba na so in ga wannan a gidanki.

Wanda ya ce muku babu magani ya faɗi rabin magana ne. Babu mai warkarwa, amma akwai abubuwan da aka tabbatar suna ƙara kwana da sauƙi, kuma dukkansu kuɗi suke ci.

Akwai ƙwayar riluzol, wadda aka amince da ita tun 1995. Ana shan miligiram 50 sau biyu a rana, ana duba hanta lokaci-lokaci. A matsakaici wata biyu zuwa uku take ƙarawa, ba ta dawo da ƙarfin da ya tafi. Ku nema ta hannun likitansa da kantin magani mai rajista. Akwai Radicava, mai tsada ƙwarai, amfaninta kaɗan ne kuma ana taƙaddama a kai, ban ga dalilin ku bi ta ba. Akwai Qalsody da ta fito a 2023, ita kuma ta masu wani gurɓin gado ne da bai wuce mutum biyu cikin ɗari na masu cutar ba.

Abin da ya fi waɗannan tasiri shi ne numfashi. Ki sa ido: in ya fara kasa kwanciya rigingine, ko yana tashi da ciwon kai da safe, ko yana gyangyaɗi da rana, ko tarinsa ya rasa ƙarfi, tsokar numfashi ce ta fara gajiya. Akwai na'urar da ake kira BiPAP, ana sa masa abin rufe hanci da dare tana tura masa iska. Wani gwaji a Ingila a 2006 ya nuna ta ƙara kusan wata bakwai ga waɗanda maƙogwaronsu bai lalace sosai ba, su ma waɗanda ya lalace sun samu sauƙin barci. Ku nemi a auna ƙarfin huhunsa tun yanzu, a riƙa maimaitawa duk bayan 'yan watanni. Na'urar tana son wutar da ba ta yankewa, ke kuma kin san halin wutarmu, don haka sola da batir suna cikin lissafi. Kada wani ya kawo tukunyar iskar oksijin ya jona masa ba da umarnin likita ba, domin a wannan cuta tana iya danne numfashin. Haka maganin barci da tiramadol da maganin tari mai kodin. In hunturun Jos ya zo, a rufe shi da bargo da rigar sanyi, amma kada a kai kaskon gawayi ɗakin da yake kwana. Duk ranar da zazzaɓi ya haɗu da tari, asibiti a ranar.

Sai abinci. Masu wannan cuta da suka riƙe ƙibarsu sun fi jimawa, rama kuwa tana gaggauta ta. Ruwa tsararo ya fi saurin ƙware mutum, abu mai ɗan kauri ya fi bin hanya. Kunun gyaɗa mai kauri, gwaten acca da ya nuna luguf, dankalin Turawa da aka murƙushe da man shanu, ƙwai, ayaba, fiya, fura da nono da aka dama ba gudaji. A guji dambu, soyayyar gyaɗa, tsire da duk abin da ke warwatsewa a baki. Ya zauna a miƙe, ya ɗan sunkuyar da haɓa in zai haɗiye, loma ƙanana, ba hira a kan abinci, kuma kada ya kwanta nan take. Wata rana likita zai kawo maganar robar abinci da ake sawa ta ciki. Mutanenmu suna jin tsoronta, suna ganin alamar ƙarshe ce. An fi son a sa ta tun numfashi yana da ƙarfi, kuma ba ta hana shi ɗanɗana abin da yake so ta baki.

Masu gashi na asibiti za su koya miki yadda ake motsa gaɓoɓi don kada su sandare, da yadda ake ɗaga shi ba ki karya bayanki ba. Motsi mai sauƙi ake so, wanda ya gajiyar da shi ya yi yawa. Yawan yawu, ɗaurewar tsoka, da kuka ko dariyar da ke zuwa ba dalili, duk suna da magunguna masu araha, ki faɗa wa likita kada ki ɗauka dole ne a haƙura da su. Addu'a da ruƙiyya ku ci gaba, ba sa karo da komai. Amma a daina tsaga da ƙaho, a kuma daina ɗura masa jiƙo, domin wanda ke ƙwarewa jiƙon huhunsa zai tafi.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a duk wasiƙarki. Kin faɗa mini ra'ayin Alhaji Babba, na Hajiya, da naki. Mai jikin kuma mai gidan ya sunkuyar da kai. Nauyin baki ya sa an fara yin magana a kansa kamar ba ya wurin, alhali yana jin komai. Wataƙila ba ya son tafiyar amma yana jin nauyin yayansa. Wataƙila yana so amma yana jin kunyar ya raba 'ya'yansa da muhalli. Ki samu lokacin da kuke ku biyu, bayan yara sun kwanta, ki karanta masa wannan amsa, sannan ki tambaye shi, Baban Sadiya, kai me kake so? Ki ba shi lokaci, kada ki ƙarasa masa magana. Gidan nasa ne, ba mai sayar da shi sai da yardarsa. In ya ji duk wannan ya ce shi dai a kai shi, ki sake rubuto mini mu yi wata maganar, amma ya zama ya zaɓa ne bayan ya ji gaskiya.

Game da Alhaji Babba, kada ki tunkare shi ke kaɗai, kada kuma a gaban Hajiya. Ki nemi wani babba da yake jin maganarsa, kawunsu ko limamin unguwa, ku roƙe shi ya raka ƙaninsa wajen likitan jijiyoyi, ya yi tambayoyinsa da kansa. Ya kuma nemi mutumin Abuja ya kawo a rubuce sunan asibitin da na likitan, da takardar izinin hukumar Indiya na yin wannan dashe ga wannan cuta, da inda aka buga sakamakon waɗanda aka yi wa bayan shekara guda. A kai wa likitan ya duba. In za a ce miki ai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, ki ce gaskiya ne, kuma a wata ruwayar an ƙara da cewa wanda ya san shi ya sani, wanda ya jahilce shi ya jahilta. Ki kuma tuna musu Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, da ya kwanta ciwo a Makka ya so ya ba da mafi yawan dukiyarsa sadaka, Annabi ya ce masa ka bar magadanka da wadata ya fi ka bar su suna roƙon mutane. Sannan a ba Alhaji Babba aiki: shi ya jagoranci tara kuɗin gwaje-gwaje, da na'urar numfashi, da sola, da keken zama, ya kuma sa ido a kan shago yaran da ke koyon ɗinki su ci gaba da aiki. Hajiya kuwa ki ci gaba da gaishe ta ko ba ta amsa ba, ki roƙe ta ta riƙa dama masa kunu da hannunta.

Na san za ki yi tunanin yara. Kusan tara cikin goma na masu cutar ba gadonta suka yi ba. In babu wani a danginsa da ya yi irinta, haɗarin da ke kan 'ya'yanki kaɗan ne, ki kwantar da hankalinki. Ki faɗa wa manyan cikinsu gaskiya gwargwadon hankalinsu, a raba musu aiki. Ke ma ki nemi wadda za ta riƙa karɓarki ko yini ɗaya a mako, ƙanwarki ko tasa, domin jinyar nan doguwa ce, in kika faɗi ba mai tsayawa a gurbinki.

Kin tambaye ni da wane ido za ki kalli 'ya'yanki. Hana wannan tafiya ba zai rage wa mahaifinsu ko kwana ɗaya ba, kuma za su girma su san cewa uwarsu ce ta tsaya a kansa dare da rana, a cikin gidansa. Tun bakinsa yana fita, a zauna da shi ya faɗi bashin da ake binsa da wanda yake bi, a rubuta wasiyyarsa kamar yadda ake so ga kowane Musulmi, mai lafiya ma. In tsayuwa ta gagara ya yi salla a zaune, in alwala ta yi wuya ki taya shi. Ki ɗauki wayarki cikin makon nan ki naɗi muryarsa yana kiran sunan kowane yaro, yana sa musu albarka, yana karanta surorin da ya saba. Ki sa Sadiya ta rubuta haruffa da 'yan kalmomi manya-manya a kan kwali, ruwa, zafi, juya ni, kira Hajiya, ku fara sabawa da shi tun ba a bukace shi ba. In kun je Lamingo, ki rubuto mini abin da gwajin ya nuna da abin da shi Baban Sadiya ya ce.